Kurakuran da aka fi yi wajen ba da izinin shiga aikin haɗin gwiwa a intanet

Sau da yawa idan bayanan wani aiki suka fita, ba wani gwanin kutse ne ya yi ɓarnar ba. Masu aikin ne da kansu suka bar hanya a buɗe don gudun ɗan jinkiri.

Babban kuskuren shi ne zaɓin nan na "duk wanda yake da mahaɗi (link) zai iya buɗewa". Yana da sauƙi, shi ya sa ake son sa. Amma mahaɗi bai san fuskar kowa ba. Ka tura wa mutum uku, ɗaya ya jefa shi a zauren WhatsApp, daga nan ba ka san inda zai tsaya ba. A 2018 an gano cewa wasu allunan Trello (manhajar tsara ayyuka) na Majalisar Ɗinkin Duniya, da na gwamnatocin Birtaniya da Kanada, an bar su a buɗe ga kowa, har da kalmomin sirri a ciki, kuma binciken Google kawai ya isa a kai gare su. Gyaran ba wuya: ka gayyaci kowa da adireshin imel ɗinsa. Idan dole ne sai mahaɗin, manhajojin ajiye fayiloli na Dropbox da OneDrive suna ba masu biyan kuɗi damar saka masa kalmar sirri da ranar da zai daina aiki. Kada dai ka tura mahaɗin da kalmar sirrin a saƙo ɗaya.

Sai kuma ba kowa ikon gyara. Google Drive ya raba izini uku: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Wanda ra'ayinsa kawai ake nema, sharhi ya ishe shi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne mai gyara yana iya gayyato wasu, sai in mai fayil ɗin ya shiga saiti ya rufe wannan damar. Haka kuma duk fayil ɗin da ka jefa cikin foldar da aka raba yana gadon izinin foldar. Takardar albashi a foldar da ƙungiya duka ke gani, ai an gama tona ta.

Wanda ya fi damuna shi ne asusu ɗaya, kalmar sirri ɗaya, mutum goma. Ran da aka goge wani abu babu wanda za a tambaya, domin tarihin fayil suna ɗaya yake nunawa. Kowa ya yi nasa asusun, a kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri. Inda raba kalmar ya zama tilas, a ajiye ta a manhajar adana kalmomin sirri irin su Bitwarden.

Masu rubuta manhaja suna da nasu tarkon: barin mabuɗan shiga na sirri cikin rubutun manhajar da suka ɗora a GitHub, shafin ajiye irin wannan rubutu. Ta irin wannan hanya aka kai ga bayanan mutum miliyan 57 na kamfanin sufuri na Uber a 2016. Goge layin da mabuɗin yake ba ya wadatarwa, yana nan cikin tarihin fayil ɗin. Sai an soke mabuɗin an yi sabo.

Idan wani ya bar aikin, a cire sunansa a ranar, ko da an rabu lafiya, a kuma canza duk kalmar da ya sani. Kafin ya tafi a duba fayilolin da shi ya ƙirƙira, ya miƙa mallakarsu ga wanda zai ci gaba, domin in ya rufe asusunsa suna iya tafiya tare da shi.