Abin da ke sa jadawalin aiki ya wargaje, da yadda ake gyara shi

Yawancin jadawalin da ake liƙawa a wurin aiki jerin ranaku ne kawai. An rubuta sunan kowane aiki da ranar gama shi, amma ba a rubuta wane ne ke jiran wane ba. Daga nan ɓarnar take farawa. Mu ɗauki ginin azuzuwa uku a Tawa ta Nijar a matsayin misali, da ƙiyasin kwanaki kamar haka: haƙa tushe 5, zuba kankaren tushe 4, ɗaga bango 15, ɗaurin kai (kankaren da ake zubawa a saman bango) 4, rufi 7, yaɓen siminti 10, fenti 5. Jimilla kwana 50, kuma ɗan kwangila ya sa hannu a kan haka.

Sai dai bango ba tushe kaɗai yake jira ba, yana jiran bulo. Buga bulon zai ci kwana 4, sannan a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Ko da an fara bugawa ranar da aka fara haƙa, tushe zai kammala a kwana 9, bulo kuwa sai kwana 11. Ke nan aikin na kwana 52 ne tun ba a sari ƙasa ba. Gyaran shi ne a rubuta a gaban kowane aiki abin da dole ya ƙare kafin a fara shi, a bi sarƙar tun daga farko, a gano wadda ta fi tsawo. Ita ce ke yanke ranar miƙa mabuɗi. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara aiki da wannan dabara a 1957, amma takarda da fensir sun isa a yi ta a aiki irin wannan.

Wanda bai san doguwar sarƙarsa ba yakan yi faɗa inda bai kamata ba. Ƙofofi da tagogi suna ɗaukar mai walda kwana 12, ba kuma za a buƙace su ba sai a kwana na 37, lokacin yaɓe. Yana da rarar kwana 25. In ya makara da mako guda, babu abin da ya taɓu. Mai buga bulo kuwa in ya makara da yini ɗaya, ginin duka ya ja baya da yini ɗaya.

Kuskure na gaba shi ne ɗaukar ranakun aiki a matsayin ranakun kalanda. Kwana 52 na aiki ba kwana 52 na kalanda ba ne. In ana hutun Lahadi, sun zama kusan kwana 60. In Juma'a rabin yini ce, sun doshi 66. Ba a ma cire ranakun hutun ƙasa irin su 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba ba, balle Sallah, wadda a takarda yini ɗaya ce ko biyu, a wurin gini kuwa sai a yi mako ba a ga leburori ba. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka kwafe jadawalin bara kuskure ne. Zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, aikin rana tsaka ya ragu, kankare ya bushe da wuri ya tsage in ba a rufe shi ana jiƙawa ba. Daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwa na cika ramin tushe, hanyar ɗauko yashi ta lalace, ƴan ci-rani su koma gona.

Shi kansa ƙiyasin kwanakin, a daina karɓar lamba ɗaya. Magini in aka tambaye shi, ranar da komai ya tafi daidai yake faɗa. A nemi lambobi uku a bakinsa: in an yi sa'a, yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. A ce ya ba da 10, 15 da 26. A ninka ta tsakiya sau huɗu, a haɗa da sauran biyun, a raba shida: 96 a raba 6, kwana 16. Lissafin sojan ruwan Amurka ne na 1958. Rarar da za a ajiye don ko-ta-kwana kuma kada a rarraba ta cikin kowane aiki, domin wanda aka ba kwana bakwai a aikin kwana biyar, bakwai ɗin zai cinye. A tara ta a ƙarshe, a hannun mai kula da aikin.

Odar kaya da fitar kuɗi ayyuka ne masu cin kwanaki, amma da wuya a gan su a jadawali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Siminti na nan kusa a Malbaza, amma abin da sai an ɗauko daga Yamai zai yi tafiyar fiye da kilomita 500, wanda ke shigowa ta teku kuwa, rufe iyakar Benin a 2023 ya mayar da shi ta Lome da Burkina. A lissafa daga baya: ranar da ake buƙatar kwano, a cire kwanakin hanya, a cire kwanakin da takardar biya ke yi tana yawo tsakanin ofisoshi. Abin da ya rage shi ne ranar ba da oda.

Sai batun auna ci gaba. "Saura kaɗan" ba awo ba ne. A ƙirga abin da ake iya taɓawa. In bangon zai ci bulo 3,000 a kwana 15, ana son 200 kullum. A yini na biyar in an jera 700 maimakon 1,000, gudun aikin 140 ne, bangon zai kai kwana 22. An san da makarar mako guda tun da sauran lokacin ƙaro magini. A duba dai inda ƙarin hannu ke amfani. Bango yana karɓar ƙarin magina muddin akwai masu kwaɓa da masu miƙo bulo. Kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, ko mutum ɗari aka tara a kansa, kuma cire katakon tallafi da wuri don a cike gibin jadawali shi ke jawo a fasa a sake zubawa.