Yadda za ku fita da diramar barkwanci mai waƙa daga Kumasi ba tare da ta mutu a hanya ba

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani ƙanena na Aboabo ya tare ni, wai Yaya an gayyaci ƙungiyarmu ta dirama zangon Lome bayan Sallah, ta ina za mu fara? Na ce masa samu benci ka zauna tukuna, wasu sun riga ku yin irin wannan tafiyar tun 1903.

A watan Fabrairu na shekarar ne aka buɗe wani wasa a Niyok mai suna In Dahomey, shi ne cikakken wasan waƙa da barkwanci na farko da baƙaƙen fatar Amurka suka tsara kuma suka yi da kansu a babban gidan wasa na Broadway. Bert Williams da George Walker ne 'yan gaba, Will Marion Cook ya haɗa kiɗan. Asalin abin ma abin dariya ne, a 1894 an yi wani baje koli a San Faransisko aka ce za a nuna mutanen Dahomey, wato Benin ɗin nan ta bayan Togo, mutanen suka makara a hanya sai aka ɗauki Williams da Walker aka yi musu shigar 'yan Afirka suka riƙe wurin kafin na gaskiyan su iso. Daga nan Dahomey ta zauna musu a rai. Sau 53 aka yi wasan a Niyok, sai suka hau jirgin ruwa sai Landan, a watan Mayu suka buɗe a gidan wasa na Shaftesbury, can kuwa sai da suka yi wajen wata bakwai.

To abu na farko da za ku yi, ku tace dariyarku. Akwai dariyar da ke cikin baki akwai wadda ke cikin jiki, ta baki ita ce ke mutuwa a boda. Turawan Ingila ba duk karin maganar baƙaƙen Amurka suke kamawa ba, abin da ya tafi da su rawar cakewalk ce, mutum ya gantsare ya ɗaga ƙafa yana taƙama kamar shi ya gina garin, wannan ba ta buƙatar tafinta. Mu nan Hausarmu rabi Tiwi ce, ba ma ji ma in mun sa. A Lome tasu ta sha Faransanci da Iwe. Saboda haka ku nemo mutum ɗaya da bai taɓa zaman Kumasi ba, baƙon da ya zo fatauci ma ya isa, ku saya masa koko da ƙosai ya zauna ya kalli rihazal ɗinku daga farko har ƙarshe, ɗayanku ya riƙe biro yana kallon fuskarsa ba wasan ba. Duk inda kuka saba jin shewa shi kuma ya yi tsit, ku sa alama, wurin nan ko a cire ko a mayar da shi motsi ko a sa masa waƙa.

Ni na sha wannan da kaina. Mun taɓa kai wasa wani gari a arewa, babban makaminmu wata fita ce ta yaron tirotiro, wato motar haya, a tashar Kejetia yana cinye wa wata tsohuwa canji, a gida sai mutane sun faɗo daga kujera, can kuwa wallahi har kukan janareto kake ji, yaronmu ya tsaya da baki buɗe ya manta layinsa, mai kalangu ne ya cece mu da ya saki kiɗa ba a ce masa ba tsohuwar ta kama rawa tana bin yaron da tsintsiya, sannan wuri ya ɗauka.

Shi ya sa nake cewa waƙa kada ta yi nisa da juna. Kowane minti goma a samu amshi gajere wanda yaro zai iya kamawa a ji na biyu. Kuma ku rage tsawo, baƙo ba ya da haƙurin ɗan gida.

Sai maganar uban gida a can. A watan Yuni 1903 aka kira su Williams fadar Bakingham suka yi wasa ranar bikin haihuwar jikan Sarki Edward na 7, yaro ɗan shekara tara, bayan nan duk Landan ta san da zamansu. Ku ba fada za ku ba, amma akwai sarkin zango, akwai limami, akwai magajiyar mata. Ku isa kwana ɗaya kafin wasa, ku je gaisuwa da goro, ku ce ranka ya daɗe mun zo ƙarƙashin inuwarka, ku roƙi a ba ku yaro ɗaya ɗan unguwa ku sa shi ƙaramar fita, danginsa kaɗai sun cika muku layi uku.

Abin da ban yarda ku kwaikwaya ba shi ne shafa baƙi a fuska. Williams yana baƙar fata amma sai ya ƙara shafa baƙi kafin ya hau dandamali don haka Turawan zamanin suke so, har 'yan konsat fati, wato masu diramar waƙa da barkwanci namu na Gana na farko, irin su Bob Johnson na Axim Trio sun ɗauki salon. Zamaninsa ya wuce, ku bar shi can.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke hana tafiya. Kowa da Ghana Card ɗinsa da katin allurar shawara kafin a isa bodar Aflao, a canza sidi zuwa sefa daidai kuɗin abinci da mota, a karɓi rabin kuɗin gayyata ta momo, wato kuɗin waya, tun ana Kumasi kuma a rubuta sauran a takarda. Kayan sawa su shiga buhu ɗaya da suna a jiki. Kalangu kuma kada ku yarda yaron mota ya ɗora shi saman kaya, rana da igiya za su kashe fatar, mai shi ya rungume abinsa a cinya har Lome.