Kurakuran da aka fi yi wajen bugun ƙwallo a wasan softball, da yadda ake gyara su

A shekarar 2004, a wani wasan nishaɗi da aka shirya a Amurka, Jennie Finch, mai jefa ƙwallo a ƙungiyar mata ta ƙasar a wasan softball (wasan dukan ƙwallo da sanda, ɗan'uwan baseball), ta tsaya gaban Albert Pujols, ɗaya daga cikin gwanayen bugu a gasar baseball ta ƙwararru. Ta yi ta jefowa yana dukan iska har ta fitar da shi, wato damar bugunsa ta ƙare bai taɓa ƙwallon ba. Haka ta yi wa Mike Piazza, shi ma wani gwanin baseball. Ƙarfi kam suna da shi, ido ne ya ci amanarsu. Sun saba da ƙwallon da ke fitowa daga saman kafaɗa a nisan mita 18.44, ita kuwa daga gefen ƙugu take sako ta, daga mita 13.11 kacal.

Kusan duk kuskuren da za mu tattauna daga wannan gajeren nisa ya samo asali. Mai jifa tana yin tsalle gaba kafin ta saki ƙwallo, sai tazarar ta ƙara raguwa. Idan gudun ƙwallon ya kai kilomita 105 a awa, kamar yadda aka saba gani a gasar jami'o'in Amurka, kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa ɗaya ne tsakanin hannun mai jifa da sandar mai bugu. Monica Abbott ta taɓa jefa wadda ta kai kilomita 124 a 2012. A cikin wannan ƙiftawar ido ake so 'yar wasa ta gane irin ƙwallon, ta yanke shawarar bugu ko ƙyalewa, ta kuma kai sanda. Sunan wasan ma, da ke nufin ƙwallo mai laushi, yaudara ne, don ƙwallon ba ta da laushi ko kaɗan. Asalinsa dai safar dambe ce aka ɗaure, aka doke ta da sandar tsintsiya a birnin Chicago a 1887.

Makara

Wannan shi ne uwa uba, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Yarinya tana yawan dukan iska, ko ƙwallonta tana karkacewa waje ta ɓangaren da take fuskanta, sai koci ya ce hannunta ba shi da sauri. A sa ta ɗaga ƙarfe, a saya mata sabuwar sanda, abin bai canja ba. Da za a ɗauke ta a bidiyo da an ga inda gizo ke saƙa: tana tsaye ƙiƙam har sai ƙwallo ta bar hannun mai jifa, sannan ta fara shiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba ranar ake neman sabulu ba.

Bugu yana da matakin ɗana jiki, kamar yadda maharbi ke ja tsirkiyar baka kafin ya saki kibiya. Nauyi ya ɗan koma kan ƙafar baya, hannuwa su tsaya daura da kafaɗar baya, ƙafar gaba ta yi ɗan gajeren taku. Duk wannan sai ya gama kafin ƙwallo ta iso rabin hanya. Ma'aunin da kociyoyi da yawa ke amfani da shi shi ne hannun mai jifa: yayin da ya kai sama a zagayensa, mai bugu ta fara ɗanawa a hankali, yayin da ƙwallo ta fito, yatsun ƙafar gaba suna gab da taɓa ƙasa ko sun riga sun taɓa. Wadda ta fara da wuri tana da damar yin abin a natse. Wadda ta makara dole ta yi gaggawa, gaggawa kuma ita ke haifar da sauran ɓarnar da ake ɗora wa hannu.

Gyaran ba ya buƙatar ko bugu ɗaya. Idan masu jifa na ƙungiya suna nasu atisayen, mai bugu ta sa hular kwano, ta tsaya a wurinta, ta riƙa ɗana jiki da taku a kan kowace jifa ba tare da ta kai sanda ba. Ta riƙa furta "yanzu" a daidai lokacin da ƙafarta ta sauka. Jifa ashirin ta isa ta ji ko tana gaba ko tana baya.

Hannu ya riga ƙugu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a da'irar dambe ya san ɗan damben da ke kai naushi da hannu kaɗai ba ya kayar da kowa. Wanda ke kisa daga ƙafa yake ɗauko ƙarfin, ya murɗa ƙugu, hannun da aka naɗe ya biyo a ƙarshe. Haka bugun softball yake. Diddigen gaba ya dafe ƙasa, ƙugu ya fara juyawa alhali kafaɗu ba su buɗe ba tukuna, sai ƙirji ya biyo, sai hannuwa, kan sanda shi ne na ƙarshe. Wannan 'yar tazarar da ke tsakanin juyawar ƙugu da ta kafaɗa ita ce ke miƙe tsokokin ciki da na baya kamar roba, ita ce kuma ke ba ƙaramar yarinya ikon tsallakar da ƙwallo bayan shinge.

Akwai wata koyarwa da ta daɗe a filayen yara a Amurka, wai a murza ƙafar baya kamar ana murƙushe ƙwaro. Niyyar mai kyau ce, ana so ƙugu ya juya. Sai dai yara suna ɗaukar maganar a zahirinta, su bar nauyinsu a baya suna murza tafin ƙafa a wuri ɗaya kamar katantanwa. A bugun ƙwararru ƙugu ne ke janyo ƙafar baya, har diddige ya ɗaga ta tsaya a kan yatsu, wani lokaci ma ta ɗan ja ƙasa. Ni dai da za a bi tawa, da an daina faɗin wannan magana gaba ɗaya. Abin da ya fi ta amfani shi ne a ba yarinya ƙwallo mai nauyin kilo biyu ko uku, ta tsaya yadda take tsayawa wajen bugu, ta wurga ta a bango da hannu biyu daga gefe. Ba za ta iya wurga ta da nisa da hannu kaɗai ba, jikinta da kansa zai nemo tsarin.

Kishiyar wannan kuskure ita ce faɗawa gaba. 'Yar wasa ta yi dogon taku, kai da ƙirji su bi ƙafar, nauyi duka ya zube a gaba tun ƙwallo ba ta zo ba. Mai jifa mai wayo da ta hango haka sai ta aiko da ƙwallo mai sanyin gudu da irin motsin hannun mai sauri, mai bugu ta gama juya sandarta ƙwallon tana tafe. A zana layi biyu a ƙasa, ɗaya inda ƙafar gaba take, ɗaya kamar taƙi guda a gabansa, kada taku ya wuce na biyun. Ƙafar gaba kuma ta miƙe ta yi tauri a lokacin haɗuwa da ƙwallo, don ita ce birkin da jiki ke juyawa a kansa.

Hanyar da sanda ke bi

Nan ne aka fi jayayya. Kuskure na farko a bayyane yake: hannuwa su rabu da jiki tun farko, gwiwoyin hannu su miƙe, sanda ta yi doguwar kewaya kamar mai jefa birgi a kogi. Irin wannan bugun yana cin lokacin da babu shi, kuma ƙwallon da ta matso jiki sai ta sami sandar a siririn wuyanta, hannu ya yi zugi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A tsaya fuskantar raga, a ɗora gindin sanda a cibiya, kanta ya taɓa ragar. Wannan ce tazarar. A kai bugu a hankali. Idan sanda ta shafi raga, hannu ya fita da wuri. Gwiwar hannun baya ta sauko kusa da haƙarƙari, gindin sanda ya jagoranci tafiyar, miƙe hannu sai bayan an doki ƙwallo.

Na biyun shi ne saran gatari, wato a kawo sanda daga sama zuwa ƙasa kamar mai faskare. An daɗe ana koyar da shi a softball bisa hujjar cewa tazarar da ke tsakanin sansani da sansani, wato wuraren da mai bugu ke rugawa zuwa gare su bayan ta doki ƙwallo, mita 18.29 ce kawai, saboda haka ko ƙwallo mai birgima a ƙasa tana iya kai mai gudu. A wasan yara hakan na aiki, don masu tsaron fili suna yawan kuskure. Da an girma, wannan ƙwallon kyauta ce ga abokan hamayya. Matsalar saran ita ce sanda tana ratsa hanyar ƙwallo a wuri ɗaya tak, in an kuskure lokaci da ƙiris an rasa. Ted Williams, wanda ya yi suna a baseball a 1941 da bai wa ƙwallo kashi fiye da kowa, ya daɗe yana cewa sanda ta shiga layin da ƙwallo ke biyowa da wuri ta kuma daɗe a cikinsa.

Sai dai a yi hattara wajen kwaso wannan daga baseball ɗungurungum. A can mai jifa yana kan tudu, ƙwallo gangarowa take yi. A softball fili a shimfiɗe yake, ga kuma jifar da suke kira riseball, mai juyawa baya, wadda ke fitowa daga ƙasa ta ƙi faɗuwa yadda ƙwaƙwalwa ta zata. Wadda ta saukar da kafaɗar baya tana kwasar sanda daga ƙasa zuwa sama, ƙarƙashin wannan ƙwallon za ta yi ta bi har a fitar da ita. Maganin shi ne hannuwa su tsaya sama da ƙwallo, kan sanda ya ɗan fi su ƙasa. In ƙwallo ta sauko, a karkata jiki daga ƙugu a bi ta, maimakon a zubar da hannu. Mafi yawan riseball ma ƙyale ta ake yi, don tana ƙarewa ne sama da inda alƙalin wasa zai ƙirga ta a matsayin jifa mai kyau.

Riƙon sanda ba ya buƙatar dogon bayani. A riƙe ta a gindin yatsu, kada a cusa ta cikin tafin hannu, kada a matse har jijiyoyi su fito. Iyaye kuma su daina saya wa yarinya sandar da ta fi ƙarfinta wai za ta girma ta iske ta. Doka ta hana sanda wuce inci 34, kuma 'yan wasan jami'a da yawa mai inci 33 da nauyin oza 23 suke riƙewa. Yarinya 'yar shekara goma da aka ba irin wannan, kafaɗarta za ta koyi sauka kafin jikinta ya kai.

Ana yawan yi wa yara tsawa cewa su kalli ƙwallo har ta taɓa sanda. Wani bincike da Bahill da LaRitz suka wallafa a 1984 ya nuna ido ba ya iya bin ƙwallo mai gudu har ƙarshe, a 'yar tazarar ƙarshe hasashe ne ke aiki. Amfanin tsawar shi ne tana hana kai juyawa, don idan kai ya fizge, kafaɗar gaba ta bi shi. Abin da ya fi cancanta a koya shi ne inda za a ajiye ido tun farko, wato gefen ƙugun mai jifa, inda ƙwallo ke fitowa, ba fuskarta ba.

Atisayen da ke daɗaɗa rai kawai

Wata za ta ce tana bugu ɗari biyu kullum, amma ranar wasa shiru. In aka bincika, turken robar da take ɗora ƙwallo a kai yana wuri ɗaya ne tun bara, daidai ƙugu, tsakiyar farantin da mai bugu ke tsayawa a gefensa, inda babu mai jifar da za ta aiko da gangan. Turken yawo ya kamata ya yi. Ƙwallon da ta matso jiki a gaba ake tarar ta, gaban ƙafar da ta yi taku. Ta tsakiya daura da ƙafar. Wadda ta yi nesa da jiki sai an bar ta ta shigo ciki sosai, a tura ta ɗaya ɓangaren filin. Kowanne kuma a yi shi sama da ƙasa.

Injin jefa ƙwallo shi ma yana da nasa tarkon. Gudu ɗaya, wuri ɗaya, babu zagayen hannun da za a ɗana jiki a kansa. Bayan jifa biyar jiki ya haddace, bugu ya yi ta daɗi, kowa ya koma gida da murna. A 1994 wasu masu bincike, Hall da Domingues da Cavazos, sun raba 'yan wasan baseball na kwaleji: wasu ana jefa musu iri ɗaya a jere kafin a sauya, wasu kuma a cakuɗe ba su san me ke zuwa ba. Da aka gwada su daga baya, waɗanda aka cakuɗa wa sun yi wa sauran fintinkau. Idan inji kaɗai ake da shi, mai bugu ta riƙa matsawa gaba da baya tsakanin jifa, mai sa ƙwallo a injin kuma ya riƙa zagaya hannunsa kamar mai jifa kafin ya saka. In akwai mutum, ya zauna bayan raga a nisan mita biyar ko shida, ya riƙa jefowa yana sauya gudu, yana kuma jefa waɗanda ba na bugu ba da gangan, a ƙirga su kamar a wasa.

Yawan ma ana wuce gona da iri. Daga lokacin da hannu ya gaji, abin da jiki ke koya shi ne bugun gajiyayye. Zagaye biyar ko shida na bugu takwas-takwas, da hutu a tsakani, ya fi hamsin a jere. Zoben ƙarfen nan da ake zura wa sanda kafin a shiga fili kuwa, yana sa sanda ta ji kamar kara bayan an cire shi, amma gwaje-gwaje sun nuna ba ya ƙara mata gudu, wani lokaci ma ragewa yake yi.

Sai batun masu ba da shawara. Koci ya ce ɗaga gwiwar hannu, uba daga bayan shinge ya ce saukar da ita, ƙawa ta turo bidiyon YouTube. Yarinya ta shiga fili da umarni bakwai a kai, ga kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. A ɗora waya a kan kujera daura da ƙirjinta, a ɗauki bugu goma a yanayin tafiyar hawainiya, a fara kallo daga ƙasa: yaushe ƙafar gaba ta sauka, ina kai yake a lokacin, ƙugu ne ya fara ko hannu. Abu na farko da aka ga ya kauce, shi kaɗai za a yi aiki a kansa na mako biyu, a rubuta shi a ɗan littafi da kwanan wata, sannan a sake ɗora wayar a kan kujerar a wuri ɗaya.