Yadda Ake Shiga Wurin Wankan Ruwan Zafi a Japan

Ɗan Garwa ko Marwa da harkar motoci ta kai shi Japan zai ji ana yawan ambaton onsen, wato maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda garuruwan Beppu, Kusatsu da Hakone suka yi suna da su. Akwai kuma sento, gidan wankan unguwa, inda ake dafa ruwan.

Abu na farko shi ne batun tsiraici, domin a yawancin wuraren ba a shiga da sutura, ko da yake ɓangaren maza daban ne da na mata. Wanda addini da kunya suka hana shi, ya nemi kashikiri, ɗakin wankan da ake kama wa mutum shi kaɗai ko da iyalinsa. A ganina wannan ya fi dacewa da mu, duk da ƙarin kuɗin.

A cire takalmi tun daga ƙofa. A zauna kan 'yar kujerar da aka tanada, a cuɗa jiki da sabulu, a ɗauraye tas kafin a shiga kwamin, saboda ruwan na jiƙa jiki ne kawai. Kada ƙaramin tawul ya taɓa ruwan. A ninke shi a ɗora a ka. Zafin yakan kai digiri 40 zuwa 42, kuma sabo da ranar Afrilu a bakin Binuwai ba zai hana jiri ba, don haka a shiga sannu a hankali, a fito bayan 'yan mintoci, a sha ruwa. A cire zoben azurfa, domin ruwa mai farar wuta yana baƙanta shi.