Yadda Ake Fara Koyon Tuƙin Jirgin Sama da FlightGear

FlightGear manhaja ce ta kwaikwayon tuƙin jirgin sama wadda 'yan sa-kai suka fara fitarwa a shekarar 1997, kuma har yau kyauta ake sauke ta, tare da damar dubawa da gyara lambobin da aka gina ta da su a ƙarƙashin lasisin GNU GPL. Tana aiki a kan Windows da Linux da macOS. Bayan an girka ta a kwamfuta, a kunna TerraSync, domin shi ne ke sauko da shimfiɗar ƙasa da filayen jiragen sama ta intanet duk inda aka nufa.

Kada sabon shiga ya yi ɗokin hawa manyan jiragen fasinja. Ya fara da Cessna 172P, ƙaramin jirgi mai inji ɗaya wanda ke zuwa tare da manhajar, saboda ba shi da garaje, yana kuma ba mutum sararin gane kuskurensa kafin ya yi nisa. Linzamin kwamfuta zai wadatar da farko, amma sandar tuƙi ta fi ba da iko nesa ba kusa ba.

Idan inji ya tashi, a saki birki ta hanyar danna maɓallan Shift da B tare, sannan a riƙa ƙara wuta da PageUp. A nan ne ya kamata a natsu, domin hancin jirgin zai riƙa karkata hagu saboda juyawar farfela, kuma ba matsalar manhaja ba ce, haka jirgin gaske yake yi. Sai a riƙa gyara shi zuwa dama kaɗan-kaɗan, ido na kan farin layin da ke tsakiyar titi. Da zarar allurar ma'aunin gudu ta kai 55, a ɗaga hanci a hankali, a ci gaba da hawa tana tsakanin 70 da 75. Sauka ta fi wuya, don haka a yi ta kewaya fili ɗaya ana sauka ana tashi har hannu ya faɗa.

Wanda ya ƙware yana iya shiga sararin haɗaka ta intanet, inda zai tashi tare da matuƙa daga ƙasashe daban-daban, ya kuma yi magana da masu ba da umarnin sauka ta FGCom, wato manhajar magana da murya ta FlightGear. Galibin jiragen da filayen nan masu amfani da manhajar ne suka gina su da hannunsu, saboda haka wanda ya ga na'urar da ba ta aiki daidai ya sanar da masu kula da jirgin, ya faɗi sigar da yake amfani da ita da matakan da ya bi kafin matsalar ta bayyana.