Yadda ake warware ramzi a ƙarshen tsohuwar takarda

Da muka buɗe gafakar kakanmu a unguwar Jahun ta Bauchi bayan rasuwarsa, mun tarar da wata waƙar wa'azi ta ajami, takardar ta yi ja, gara ta ci gefenta. A baitin ƙarshe akwai kalma guda da jar tawada, ita ba Hausa ba, ita ba Larabci ba: shin, sin, ya, ba. Ramzi ke nan, wato shekarar da aka gama waƙar aka dunƙule ta cikin baƙaƙe. Malaman Sakkwato, har da Nana Asma'u, haka suke sa wa waƙoƙinsu shekara.

In kana son warware irinsa, fara haddace jerin abajada: abajada, hawwaza, huɗɗiya, kalamana. Baƙaƙe tara na farko su ne 1 zuwa 9, sai ya 10, kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50. Har nan babu gardama.

Daga nan ne hanya ta rabu biyu, kuma a nan na sha ƙasa. Mutanen Gabas, su Masar da Sham, suna ba sin 60, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, gain 1000. Magaribawa kuwa, waɗanda muka gaji rubutunsu da hisabinsu, sodi ne 60, lodi 90, sin 300, zadi 800, gain 900, shin 1000. Baƙaƙe shidan nan kaɗai suka saɓa. Ain 70, fa 80, ƙaf 100, ra 200, ta 400, duk bakinsu ɗaya.

Ni da jadawalin da na samo a intanet na yi aiki, na haɗa 300 da 60 da 10 da 2, na samu 372. Da murnata na nufi zauren wani dattijon malami da ke bayan gidanmu, na ce, "Allah ya gafarta malam, takardar nan ta haura shekara dubu." Ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce, "Ɗana, a 372 ina ma garin Bauchin yake? Shin ɗinmu dubu ne." Muka sake: 1000 da 300 da 10 da 2, ya ba da 1312 ta Hijira. Shi ya sa da wuya ka ga ramzin ƙasar nan babu shin a cikinsa.

Mayar da ita Miladiyya ba wuya. Raba shekarar da 33, cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. 1312 ta faɗo wajen 1894, shekara takwas kafin Turawa su shigo Bauchi a 1902. Gwada da 1232, za ka ga 1817, shekarar rasuwar Shehu Usmanu.

Wasali ba ya shiga lissafi, baƙi mai shadda sau ɗaya ake ƙirga shi, don haka Muhammad 92 ne. Ka kuma sa ido kan ɗigo: a rubutunmu na warshu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Ka rikita su, ka yi kuren shekara ashirin.

Abin ya tsufa. Girkawa da Yahudawa da baƙaƙensu suke rubuta lamba, to tunda kowane suna yana da jimla, sai mutane suka shiga neman asiri a cikinta. Al-Buni, wani malamin Magariba da ya rasu wajen 1225, ya yi suna a wannan fanni. Namu Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masanin tarihi Ibn Khaldun ma ya kawo yadda ake raba jimlar sunayen sarakuna biyu da tara don sanin wa zai ci yaƙi, bai kuwa ga wata hujja a ciki ba. Ko 786 da wasu ke rubutawa a madadin Bisimilla lissafin Gabas ne. Da namu 1026 za ta fito.

Ni iyakata shekarar takarda. Ranar nan wata ƙanwata, da ta ji na iya hisabi, ta lallaɓo ta ce, "Yaya, duba mini ko sunana ya dace da na Musa." Na ce wane Musan, mai 116 ko mai 356? Ta harare ni, ta ɗauki mayafinta.