Yadda na gyara ɗaukewar siginar GPS a jirgi maras matuƙi

Da zarar jirgin ya tashi, taurarin ɗan'adam da yake kamawa sai su ragu daga 14 zuwa 5, ya koma yanayin ATTI, wato yanayin da yake tashi ba tare da GPS ba kuma ba ya iya tsayawa wuri ɗaya da kansa, iska ta yi ta jan sa.

Ƙaramar kyamarar da na ɗaura a bayansa ce musabbabi. Eriyar GPS tana nan ƙarƙashin murfin jirgin, siginar kuwa mai rauni ce ƙwarai, a mita 1575.42 MHz take zuwa, hayaniyar lantarkin kyamarar sai ta danne ta. Na cire kyamarar, na sake saita kamfas, na'urar da ke nuna wa jirgin alƙibla, a fili, nesa da mota da rodin gini.

Kada a tashi sai taurari sun haura 10 kuma jirgin ya adana wurin komowarsa. Tsakanin dogayen gine-gine ma siginar tana karkacewa, a kiyaye.